Ƙudan zuma, rina da zanzaro: tambayoyi da amsoshi kan ire-irensu da inda suke zaune a duniya

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu fara nazarin ƙwari: ɗalibai, masu kiwon zuma, da mutanen da suka tsaya gaban fure suka ga wani ƙwaro da ba su san sunansa ba. An jera su daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Inda aka ce "rina" ba tare da ƙarin bayani ba, ana nufin duk jama'ar nan masu siririn ƙugu waɗanda ba ƙudan zuma ba ne kuma ba tururuwa ba, wato rina mai harbi da zanzaro da zirnaƙo da dubban ƙananan 'yan'uwansu. "Ƙudan zuma" kuwa ya haɗa har da waɗanda ba sa yin zuma.

1. Ƙudan zuma da rina da tururuwa dangin juna ne, ko kama ce kawai?

Dangin juna ne na jini. Duk suna cikin rukuni ɗaya da ake kira Hymenoptera, sunan da masanin ƙasar Suwidin Carl Linnaeus ya sa musu a 1758, daga Girkanci, ma'anarsa fiffike mai kama da tantani. Nau'o'in da aka riga aka raɗa wa suna a rukunin sun haura 150,000. Alamar da ta haɗa su tana ga fiffike. Fukafukai huɗu gare su, manya biyu a gaba, ƙanana biyu a baya, kuma a bakin na baya akwai jerin 'yan ƙugiyoyi da ke maƙale na gaba idan za a tashi, sai su kaɗa tare. Duk wanda ya sa fiffiken ƙudan zuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma zai gan su a jere kamar ƙugiyoyin labule.

Abu na biyu shi ne haihuwa. Ƙwan da maniyyin namiji ya shiga mace yake zama, wanda bai shiga ba kuwa namiji. Ke nan namijin ƙudan zuma ba shi da uba, sai kaka namiji na wajen uwa. Johann Dzierzon, wani limamin coci mai kiwon zuma a yankin Silesiya, shi ya bayyana haka a 1845. Ƙarin da suke harbi da shi kuma asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗe, shi ya sa namiji ba ya harbi, komai girmansa da ƙugin da yake yi.

2. Nau'in ƙudan zuma nawa ne a duniya, kuma duk suna yin zuma?

Waɗanda aka ba suna sun wuce 20,000, fiye da adadin nau'o'in tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa idan an haɗa su. Masu yin saƙa da zuma irin wadda aka sani, 'yan gidan Apis, ba su wuce nau'i goma sha-wani-abu ba ko da an yi musu ƙidayar karimci, kuma ɗaya ne tak a cikinsu, Apis mellifera, ya game duniya. Akwai kuma ƙanana marasa harbi irin galla, nau'i sama da 500, da ke tara zuma kaɗan a 'yan tukwanen kaki. Saura duk ba sa ajiye zumar da mutum zai ɗiba.

Wannan shi ne kuskuren da na fi son a gyara tun da wuri. Mutum ya san ƙudan zuman amya sai ya ɗauka ya san ƙudan zuma, alhali wannan nau'i shi ne bare a cikin danginsa. Yadda mafi yawansu ke rayuwa yana tambaya ta 6.

3. Yaya zan bambance ƙudan zuma da rina, da kuma ƙudan da ke kwaikwayonsu?

Fara da abinci. Ƙudan zuma da garin fure yake ciyar da 'ya'yansa, rina kuwa da nama, wato wasu ƙwari ko gizo-gizo. Jiki ya bi abinci: ƙudan zuma yawanci gashi gare shi, kuma kowane silin gashin yana da rassa kamar gashin tsuntsu don ya riƙe garin fure, rina kuwa sumul take, gashinta miƙaƙƙe ba reshe. Idan ka ga ƙwaro da ƙunshin gari rawaya a ƙafafun baya ko a ƙarƙashin ciki, ƙudan zuma ne, kuma mace ce.

Ƙa'idar tana da ƙofofi. Akwai ƙudan zuma masu sulɓin jiki da ko gwani sai ya duba da madubi. Akwai rinar Masarinae, wadda ta fi yawa a kudancin Afirka, da ta bar nama ta koma garin fure. A dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu kuma akwai nau'o'i uku na gidan Trigona da suka bar fure suka koma cin mushe. Shi kuwa ƙuda mai aron rigar rina, na dangin Syrphidae, fukafukai biyu ne kawai gare shi, idanunsa sun cinye kusan duk kan, ƙahonnin jinsa gajeru, kuma yakan tsaya cak a iska.

4. Me ya sa sai sunayen Latin, kuma yaya ake tsara su?

Domin suna ɗaya a harshe ɗaya kan rufe nau'i ɗari, nau'i ɗaya kuma kan sami suna ɗari a harsuna. Tsarin hawa-hawa ne: rukuni, sai dangi, sai gida, sai nau'i. Sunan kowane nau'i kalma biyu ce, ta farko ta gidan, ta biyu tasa. Sunan dangi kullum da "idae" yake ƙarewa. Idan an rubuta cikakke akan ƙara sunan wanda ya fara bayyana shi da shekara: Apis mellifera Linnaeus, 1758.

Dokar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ta fifikon wanda ya riga. Linnaeus da kansa ya ɗanɗana ta. Mellifera na nufin mai ɗaukar zuma, sai a 1761 ya so ya mai da shi mellifica, mai yin zuma, tunda ruwan fure ƙwaron ke ɗaukowa, zuma a gida ake haɗa ta. Gyaran ya fi daidai, amma sunan farko ne ya zauna. Kowane suna kuma ɗaure yake da ƙwaro guda ɗaya da aka adana a gidan ajiye kayan tarihin halitta. Idan gardama ta tashi kan wane ne wane, wurin wannan ƙwaron ake komawa.

5. Dangogin ƙudan zuma nawa ne?

Bakwai ne, kuma tsarin da ake bi yau ya ginu sosai kan aikin Charles Michener na Jami'ar Kansas, wanda ya fitar da babban littafinsa kan ƙudan zuman duniya a 2000. Biyu dogon harshe gare su. Apidae shi ne babba, nau'i kusan 6,000: a ciki akwai ƙudan zuman amya, da marasa harbi, da manyan baƙaƙen nan masu huda katako na gidan Xylocopa, da masu gashi buzu-buzu na gidan Bombus. Megachilidae, sama da 4,000, su ne masu ɗaukar gari a ƙarƙashin ciki. Idan ka ga ganye an yanke gefensa zagaye sumul kamar da almakashi, aikinsu ne, da shi uwa ke lulluɓe ɗakin ɗanta.

Sauran biyar gajeren harshe ne. Halictidae, wajen 4,500, ƙanana ne, wasu kore masu ƙyalli, wasu kan sauka a jikin mutum su lashi gumi. Andrenidae, wajen 3,000, masu haƙa rami ne. Colletidae, sama da 2,500, suna shafe bangon ɗakinsu da wani ruwa da ke bushewa ya zama kamar leda. Melittidae ba su da yawa, wajen 200, amma a cikinsu akwai Rediviva na Afirka ta Kudu, wadda a wasu nau'o'inta ƙafafun gaban mace sun fi jikinta tsawo, da su take zura hannu cikin dogon maƙogwaron fure ta kwaso mai. Na bakwai, Stenotritidae, nau'i 21 ne kacal, duk a Ostareliya.

6. Idan ba a amya ba, ina suke zaune?

Fiye da kashi uku cikin huɗu na nau'o'in zaman kaɗaici suke yi, ba sarauniya ba ma'aikata. Wajen kashi 70 cikin 100 a ƙasa suke haƙa gida, saura a busasshen kara ko ramin itace, har da kwanson dodon-koɗi. Uwa takan haƙa rami, ta fitar da 'yan ɗakuna, ta kwaɓa garin fure da ruwan fure ta yi curi kamar ƙwayar wake, ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta toshe ƙofa. Ba za ta ga ɗanta ba. Makonni kaɗan take yi a raye, tsutsar kuwa ta ci curin nan ta kwanta sai baɗi.

Akwai kuma 'yan cin-arziki, fiye da ɗaya cikin goma na duk nau'o'in, waɗanda ba sa gini ba sa tara abinci. Mace takan yi kwanto a bakin ramin wata, da mai gida ta fita sai ta faɗa ta saka ƙwanta. Ganinsu a wuri alama ce mai kyau, domin ba sa zama sai inda masu gidan suke da yawa.

7. Rina fa, yaya aka karkasa ta?

A nan sai an yi hattara, don rina ba dangi ɗaya ba ce. Rukunin ya fara rabuwa biyu: marasa ƙugu, waɗanda tsutsotsinsu ke cin ganye da itace, da masu ƙugu. Masu ƙugun su ma sun rabu: akwai masu ƙari, akwai waɗanda bututunsu har yanzu na saka ƙwai ne. A cikin masu ƙari akwai Vespidae, nau'i wajen 5,000, inda rina mai gidan takarda da zirnaƙo suke. Ko a nan ma masu zaman taro wajen 1,000 ne kawai, saura zaman kaɗaici suke yi, wasu a 'yar tukunyar laka, wasu a rami. Akwai Pompilidae masu farautar gizo-gizo, su ma wajen 5,000, da Chrysididae masu ƙyallin kore da shuɗi kamar ƙarfe.

Zanzaron nan mai ginin laka a bango, na gidan Sceliphron, ya cancanci a tsaya masa. Mace takan sauka bakin ruwa ta dunƙula laka da baki, ta kawo ta shimfiɗa tana wani siririn kuka, tafiya bayan tafiya, har ɗaki ya tashi. Sai ta shiga farautar gizo-gizo. Ba ta kashe su, harbi take yi ya shanye musu jiki, don naman ya zauna ɗanye har tsutsar ta gama ci. Wanda ya fasa tsohon ɗaki zai tarar da su cunkushe, wani lokaci ƙafa na ɗan motsi. Abin da zai ba ka mamaki, wannan zanzaron ya fi kusa da ƙudan zuma a jini fiye da yadda yake kusa da rina mai harbi. Dalilin yana tambaya ta 9.

8. Tsakanin ƙudan zuma da rina, wa ya fi yawan nau'i?

Rina, nesa ba kusa ba, kuma yawan yana wajen ƙananan da ke saka ƙwai a jikin wasu ƙwari ko a cikin ƙwansu. Tsutsar ta girma tana cin mai masaukinta har ya mutu. Ichneumonidae kaɗai suna da nau'i wajen 25,000 masu suna, Braconidae wajen 20,000, jama'ar Chalcidoidea sama da 22,000, kuma masana na ƙiyasta cewa na ƙarshen nan za su iya kai 500,000 idan an gama ƙirga su.

An daɗe ana cewa ƙwari masu taurin baya irin su buzuzu, da nau'i kusan 400,000, su ne rukuni mafi girma. A 2018 Andrew Forbes na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa suka kawo hujja mai sauƙi: kusan kowane ƙwaro yana da rina ɗaya ko fiye da ta keɓanta da shi, har ita rinar ma akwai wata rinar da ke saka mata ƙwai. Idan haka ne, Hymenoptera ne kan gaba, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye su. A ganina babu ɓangaren nazarin dabbobi da ya fi wannan buƙatar sababbin hannu. Manomi ma yana cin moriyarsu ko bai sani ba, kuma wasu kamar Trichogramma har kiwonsu ake yi a saki a gona su kashe ƙwan tsutsa.

9. Daga ina ƙudan zuma ya samo asali?

Daga rina. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna ƙudan zuma reshe ne da ya tsiro daga cikin rinar farauta ta jama'ar Apoidea, wadda zanzaron tambaya ta 7 ke cikinta. Mafi kusa da shi wasu 'yan mitsi-mitsin rina ne da ke kama ƙananan ƙwarin da ke zaune cikin fure. Ganimar tana zuwa gida buɗu-buɗu da garin fure, a hankali garin ya zama shi ne abincin. Wannan ya faru wajen shekara miliyan 120 da suka wuce, lokacin da tsirrai masu fure ke bazuwa. Wani bincike na 2023 ya sa asalin a yammacin tsohuwar nahiyar Gondwana, sa'ad da Afirka da Amurka ta Kudu ke haɗe.

Shaidar ido tana cikin ƙaron itace da ya daskare ya zama dutse. A jihar New Jersey ta Amurka an sami Cretotrigona prisca, ma'aikaciyar ƙudan zuma marar harbi daga ƙarshen zamanin manyan dabbobin dainoso, abin da ke nuna zaman taro tsohon abu ne. Tururuwa kuma, nau'i wajen 14,000, ita ce 'yar'uwar Apoidea ta kusa. Ke nan tururuwa da ƙudan zuma sun fi kusa da juna fiye da kusancin kowannensu da zirnaƙo.

10. Wane yanki na duniya ya fi yawan nau'o'in ƙudan zuma? Dazuzzukan kurmi ne?

A'a, kuma wannan na cikin abubuwan da suka fi burge ni a fannin. Yawancin halittu, daga tsuntsaye zuwa itatuwa, yawan nau'o'insu ƙaruwa yake idan an nufi tsakiyar duniya mai zafi da ruwa. Ƙudan zuma ya saɓa. Ya fi yawa a wurare masu ɗumi da bushewa da ke arewa da kudu da tsakiyar: kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, kewayen Bahar Rum har zuwa Turkiyya da Iran da tsakiyar Asiya, kudancin Afirka, tsakiyar Cile da Ajantina, da sassan Ostareliya. Michener ya faɗi haka tun 1979. A ƙarshen 2020 Michael Orr da Alice Hughes da John Ascher da wasu suka tabbatar da shi da taswira, bayan sun tace bayanai kusan miliyan 6. A wani ɗan fili na kwarin San Bernardino, kan iyakar Amurka da Meziko, an ƙirga nau'i kusan 500.

Dalilan da masana ke kawowa suna komawa ga tambaya ta 6. Mai gida a ƙasa busasshiyar ƙasa yake so, don a jiƙaƙƙiya curin abincin fumfuna yake yi, tsutsar ta mutu. A hamada kuma, da ruwa ya sauka sai furanni su ɓarke gaba ɗaya, kuma ƙudan zuman can na iya kwanciya a rami shekara biyu ko fiye yana jiran daminar kirki. A kurmi, 'yan nau'o'in masu zaman taro, musamman marasa harbi, su ke mamaye furanni duk shekara.

Sai dai taswira ba ta wuce inda masu tattarawa suka taka. Amurka na da nau'i wajen 4,000, Turai wajen 2,000, Afirka ta Kudu sama da 1,000, kuma waɗannan wurare ne da aka shafe shekaru ana bi da raga. Faffaɗan yankuna na Afirka da Asiya bayanansu ƙalilan ne a rumbunan duniya. Inda taswira ta nuna fari, sau da yawa masu bincike ne ba su je ba.

11. Me ya sa wasu ire-iren suke nan amma babu su can?

Tarihi da yanayi da teku. Bombus, nau'i wajen 250, 'yan sanyi ne. Sun fi yawa a duwatsun Sin da Himalaya, ɗayansu, Bombus polaris, har tsibirin Ellesmere na Kanada kusa da ƙuryar arewa yana zaune, amma babu su a Afirka kudu da Sahara. Marasa harbi akasin haka ne, ba sa barin ƙasashen zafi. Masu ƙyallin nan na Euglossini, waɗanda mazansu ke tara ƙamshin fure a ƙafa, nahiyar Amurka kaɗai suke. Andrenidae, duk yawansu, ba su kai Ostareliya ba, inda Colletidae suka zama kusan rabin ƙudan zuman ƙasar. Tsibiran Hawayi kuwa ƙudan zumansu na asali duk 'yan gida ɗaya ne, Hylaeus, nau'i sama da 60 da suka fito daga baƙo guda da ya tsallaka teku. Antaktika babu ko ɗaya.

Wasu kuma abokin zamansu suke bi. Itatuwan ɓaure nau'i sama da 750 ne, kuma furensu a cikin ɗan yake, ba mai barbararsa sai 'yar rinar dangin Agaonidae. Mace takan kutsa ta wata 'yar ƙofa, fukafukanta su karye a hanya, ta saka ƙwai ta mutu a ciki. Yawancin ɓaure kowanne da rinarsa, don haka taswirar ɗaya ita ce taswirar ɗayan.

12. Ɗan Adam ya sauya wannan taswira?

Ƙwarai. Apis mellifera asalinsa Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, inda ya rabu rassa wajen 30. An kai shi Virginia ta Amurka a 1622, Ostareliya a 1822. A 1956 masanin gado Warwick Kerr ya kai reshen scutellata na Afirka ƙasar Barazil don a sami irin da zai jure zafi. A 1957 wasu suka kuɓuce, suka gauraya da na Turai, zuwa 1990 jikokinsu sun isa Texas.

An kai Bombus Niyu Zilan a 1885 don barbarar ciyawar dabbobi. An kai Bombus terrestris Cile a 1997, ya bazu har Ajantina, shi kuma ɗan ƙasa, ƙaton nan ja Bombus dahlbomii, ya riƙa ɓacewa a duk inda baƙon ya isa. Zirnaƙon Asiya Vespa velutina ya bayyana a Faransa a 2004, yanzu ya kama ƙasashe da dama na Turai yana cin ƙudan zuma a bakin amya. Babban ɗan'uwansa Vespa mandarinia ya ɓulla a jihar Washington ta Amurka a 2019, amma an yi masa taron dangi da wuri, aka sanar da kawar da shi a Disamban 2024.

13. Wanne ne mafi girma, wanne ne mafi ƙanƙanta?

A ƙudan zuma, Megachile pluto na tsibiran Maluku ta Arewa a Indonesiya: mace ta kai kusan santimita 4, faɗin fukafukai sama da 6, tana gida a cikin shurin gara na kan itace. Alfred Russel Wallace ne ya kamo ta, aka ba ta suna a 1860, ba a sake ganinta ba sai 1981, sannan aka ɗauki hotonta a raye a 2019. Perdita minima na hamadar Amurka bai kai milimita 2 ba. A rina, sarauniyar Vespa mandarinia, mafi girma a cikin zirnaƙo, ta kai santimita 5, namijin Dicopomorpha echmepterygis kuwa milimita 0.139 ne, ba ido ba fiffike, kuma shi ne ƙwaro mafi ƙanƙanta da aka sani.

14. Yaya ake kama su don nazari, kuma dole ne a kashe su?

Hanyoyin ba su da tsada. Akwai raga a bakin fure. Akwai 'yan kwanoni rawaya da shuɗi da fari da ake cikawa da ruwan sabulu a jera a ƙasa. Akwai tarkon da René Malaise na Suwidin ya ƙirƙiro a shekarun 1930, mai kama da tanti na gidan sauro: ƙwaro ya bugi bangon tsakiya, ya bi haske ya hau sama, ya faɗa kwalbar sifirit. Akwai kuma damin kara ko katako mai huda da ake ratayewa masu zaman kaɗaici su yi gida. Kowace hanya da waɗanda take kamawa, shi ya sa ake haɗa biyu ko uku.

Batun kisa tambaya ce ta gaskiya, kuma ya kamata mai nazari ya ji nauyinta. Ƙananan nau'o'i da yawa ba sa rabuwa sai an duba jijiyoyin fiffike, da ɗigo-ɗigon fatar baya, da al'aurar namiji a ƙarƙashin madubi. Ƙa'idar ita ce kada a ɗauki fiye da buƙata, kuma kada wanda aka ɗauka ya tafi a banza. Ana soke fil a ƙirjinsa ɗan dama da tsakiya, don gefen hagu ya zauna lafiya. Ƙarƙashinsa sai 'yar takarda da ba ta fi farce biyu ba: ƙasa, wuri, lambobin taswira, rana da wata da shekara, furen da aka same shi a kai, sunan wanda ya kama. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda, komai kyansa, ba shi da amfani ga ilimi. Mai ita kuwa yana iya amsa tambayar wanda za a haifa bayan shekara 100.

15. Tunda akwai gwajin DNA, ana buƙatar masu duba siffa kuwa?

Ana buƙatarsu fiye da da. A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani ɗan yanki na ƙwayar gado mai harafi wajen 650 a matsayin shaidar kowane nau'i. Ƙafa ɗaya ta isa. Abin da ya fito ya girgiza fannin. A yankin Guanacaste na Kosta Rika, inda Daniel Janzen da Winnie Hallwachs suka shafe shekaru suna kiwon tsutsotsi don ganin rinar da za ta fito daga cikinsu, wani rahoto na 2008 ya nuna nau'i 171 da ido ya ƙirga ashe 313 ne. Suna ɗaya, Apanteles leucostigmus, ya rufe nau'i 36, kusan kowanne da tsutsar da ya keɓanta da ita.

Amma na'ura tana cewa ne kawai waɗannan biyun sun bambanta. Wanne ne mai tsohon sunan, wanne ne sabo, sai an koma ga ƙwaron asali na tambaya ta 4, kuma sai gwanin da ya san dangin ya zauna ya bayyana siffarsa. Irin waɗannan gwanaye kaɗan ne, kuma akwatunan gidajen ajiya cike suke da ƙwarin da ke jiran suna.

16. Gaskiya ne ƙudan zuma na ƙarewa?

Ya danganta da wanne. Amyoyin kiwo a duniya sun ƙaru tun 1961 bisa ƙididdigar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko da yake masu kiwo a wasu ƙasashe na tafka asara. Damuwar tana ga na daji. Bombus franklini na yammacin Amurka rabon da a gan shi tun 2006. A 2017 Amurka ta sa Bombus affinis cikin jerin masu fuskantar ƙarewa. Eduardo Zattara da Marcelo Aizen na Ajantina sun nuna a 2021 cewa nau'o'in da aka rubuta gani tsakanin 2006 da 2015 sun gaza na kafin 1990 da wajen kashi 25 cikin 100. Musabbaban sanannu ne: share daji, maganin ƙwari, cututtukan da ke bin nau'o'in da aka yi safararsu, da sauyin yanayi.

Alƙalumman da suka fi tsaya mini a rai na Turai ne. A 2014 aka tantance nau'o'inta kusan 2,000, aka sami wajen kashi 9 cikin 100 cikin haɗari, amma fiye da rabi ba a iya yanke musu hukunci ba saboda ƙarancin bayani. Nahiyar da aka fi bincika ke nan. Ƙara amyoyi kuma ba ya ceton na daji, yana ma iya ƙwace musu fure.

17. Ba ni da ɗakin gwaji, waya kawai gare ni. Zan iya taimakawa?

Za ka iya, musamman idan kana inda taswirar tambaya ta 10 ta nuna fari. Hotunan da ake ɗorawa a shafin intanet na iNaturalist, idan an tabbatar da su, suna shiga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da masu bincike ke ɗiba. Ɗauki hoto uku in ka samu: fuska, gefe, da baya inda jijiyoyin fiffike za su fito. Haɗa da furen, ka bar wayar ta rubuta wuri da lokaci. Da sassafe ko bayan ruwa sun fi natsuwa, kuma maza kan kwana maƙale da karan ciyawa da baki, a nan za ka matso har kusa ba su tashi ba.

Kada ka ji haushi idan amsa ta tsaya a sunan gida. Lasioglossum kaɗai yana da nau'i wajen 1,800, kuma da yawansu hoto ba ya raba su. Abin da ya fi hoto guda daraja shi ne komawa wuri ɗaya: zaɓi tsiro ɗaya ko gaɓar ƙasa ɗaya mai ramuka, ka riƙa zuwa kowane mako a sa'a ɗaya har shekara ta zagayo, kana rubuta wanda ya zo, da ranar da ya fara zuwa, da ranar da ka daina ganinsa.